Godiya bayan walimar yaranmu na Ɗorayi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya. A madadin 'yan kwamitin da suka shirya walimar ranar Asabar, ina miƙa godiya ga duk wanda ya taka ya zo taya mu karrama yaran unguwarmu goma sha huɗu, waɗanda kowannensu shi ne na farko a gidansu da ya kammala karatun gaba da sakandare. Yawancinsu daga Jami'ar Bayero suka fito, wasu daga Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, biyu kuma daga Kwalejin Sa'adatu Rimi.

Mai unguwa, ranka ya daɗe, mun ga zamanka tun daga buɗe taro har rufewa. Malam Liman, Allah ya gafarta malam, mun gode da addu'a. Haka shugaban makarantar firamare da ya ba mu fili da bencina, da maƙwabcin da ya jawo mana janaretonsa lokacin da wuta ta ɗauke, da iyayenmu mata da suka kwana kan tukwane ba tare da sun karɓi ko sisi ba. Yaba kyauta tukwici. Allah ya saka da alheri.

An tambaye ni me ya sa muka ware waɗannan, alhali unguwa cike take da masu digiri. Ni ma na farko ne a gidanmu, shi ya sa na san abin. Yaron da babansa ya yi jami'a yana da wanda zai tambaya. Wanda bai da shi kuwa, tun daga cike fom ɗin JAMB na jarrabawar shiga jami'a, zaɓen kwas, rijista ta intanet, har ranar da ya faɗi wata jarrabawa ya rasa yadda zai yi wa iyayensa bayani, duk shi kaɗai yake lalube. Ga kuma zamanin da suka yi karatun. Korona ta rufe makarantu a 2020, yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ci wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sannan aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin adaidaita sahu ya tashi. Karatun shekara huɗu ya nemi shida. A tsakanin nan an ce wa wata ta haƙura ta yi aure, an ce wa wani ga gurbin yaron shago a Kantin Kwari. Suka daure.

Amma godiyata mafi girma ga mutanen da sunansu ba ya kan takardar shaida ne. Akwai wani yaya da ya ajiye karatu a aji uku na sakandare ya kama tuƙin adaidaita. Kullum da sassafe, lokacin da fasinja suka fi yawa, shi yake kai ƙanwarsa sabon mazaunin Jami'ar Bayero a titin Gwarzo kafin ya fara neman na cefane. Da muka kira shi ya fito gaba sai ya noƙe, ya ce shi me ya yi? Ƙanwar ce ta je ta riƙo hannunsa, tana cewa, "Yaya, wallahi sai ka fito."

Sai kuma Inna mai ƙosai ta bakin masallaci, wadda da kuɗin adashe ta riƙa biyan rijistar ɗanta bayan rasuwar mahaifinsa. Da yaron ya durƙusa ya miƙa mata takardarsa, sai da ta goge hannunta da gefen mayafi kafin ta taɓa. Ba ta yi boko ba. Ta ce masa, "Nuna min inda aka rubuta sunan babanka." Ya nuna mata, ta ɗora yatsa a wurin ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ni ne nake riƙe da lasifika, na kasa cewa komai, sai Malam Liman ne ya karɓa ya yi wa mamacin addu'a. Inna, Allah ya jiƙansa, ya ba ki tsawon rai ki ci moriyar wahalarki.

Waɗanda suka tsaya a rana saboda ƙarancin kujeru, da waɗanda abinci bai kai gare su ba, ku yafe mana. Jama'a sun fi yadda muka yi tsammani.

Ku kuma yaranmu, Allah ya sa albarka a abin da kuka karanto, ya ba ku aikin halal. Masu shirin tafiya bautar ƙasa, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Kafin su tafi, sun yi alkawarin zama a firamaren nan duk Asabar bayan la'asar, don taimaka wa ƙannensu masu shirin JAMB, kyauta. Iyaye a turo yara, maza da mata, kuma kowa ya zo da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, don ba a rijista sai da ita.