Kalmar "clique" ba ta shiga takardar neman gurbin karatu

Wani yaro ɗan maƙwabcinmu da ya gama digiri bara ya kawo mini takardar neman tallafin karatu a Ingila in duba masa. A sakin layi na biyu ya rubuta cewa shi ne ya kafa "a clique of brilliant students" don taimakon 'yan aji ɗaya. Yana so ya nuna shi jagora ne. Abin da Baturen da zai karanta zai gani kuwa shi ne wani mai ji da kansa da ya tara irinsa suka ware sauran ɗalibai.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma na daɗe ina wannan kwaɓar. Na ɗauki "clique" tamkar "group" ce da ta sha ado, wadda ake fito da ita idan ana son burge mai karatu. Na sa ta a wasiƙu, na sa ta a rahoton taro, har manyan ma'aikata na taɓa kira da ita a rubuce, ina ganin girmama su na yi. Ba wanda ya gyara mini. Mutane ba sa gyara irin wannan, shiru suke yi su ajiye ka a inda suka ajiye ka. Wani lokaci nakan ce ba laifina ba ne: haka aka koyar da mu, a jera kalmomi masu ma'ana ɗaya a allo mu haddace don jarrabawar WAEC, ba a taɓa gaya mana cewa wata kalmar yabo ce wata kuma habaici ba. Amma wannan uzuri ne kawai. Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci ya rubuta "often disapproving" a gaban kalmar, wato galibi suka ce. Yana kan teburina duk tsawon lokacin, ƙyuyar buɗewa ce ta hana ni.

Ma'anarta tana da sharaɗi biyu. Mutanen kaɗan ne, sannan ba sa barin baƙo ya shigo cikinsu. Majalisar ƙofar gida da ake matsa wa duk wanda ya yi sallama a benci ba "clique" ba ce. Wadda ake ɗauke hira da zarar ka tunkaro, a bar ka a tsaye har ka gaji ka wuce, ita ce. Shi ya sa kalmar ta fi fitowa daga bakin wanda aka ware. Ana cewa wurin aiki ya zama "cliquey" ko "cliquish" idan ma'aikata sun rabu gida-gida, kowa da mutanensa.

Daga Faransanci Turanci ya aro ta a farkon ƙarni na 18, abin da ya sa take ƙarewa da "que" kamar "unique" da "technique". A Ingila "kiliik" suke cewa da jan wasali. A Amurka ana jin wannan, ana kuma jin "kilik" a gajarce, kuma daga nan ne yaranmu suke rikita ta da "click" na danna linzamin kwamfuta, su rubuta "my click" a Facebook ba ko kunya. Waya na hannunsu dare da rana, amma duba kalma ɗaya ya gagara.

Akwai wuraren da take zuwa ba da zagi ba, kada in yi ƙarya. Masana tarihin ƙasar Sin suna kiran ɓangarorin sojojin da suka yi ta gwabzawa tsakanin 1916 da 1928 da wannan suna: na Anhui, na Zhili, na Fengtian. A lissafi kuma, tun aikin wasu masana biyu, Luce da Perry, na 1949, "clique" na nufin rukunin da kowane mutum biyu a cikinsa suna da alaƙa kai tsaye. Mutum biyar ke nan sai alaƙa goma ta cika, in ɗaya ta ɓace rukunin ya faɗi daga ma'anar. Wanda ke karanta kimiyyar kwamfuta zai haɗu da ita, kuma a can babu wani habaici.

Shawarata gajeriya ce, ƙannena. Kada ka kira naka mutanen da wannan kalma. In ɗalibai ne masu bita tare, "study group" ta ishe ka. In abokan aiki ne, "team". In abokai ne, "circle of friends". Kada kuma ka gudu daga "clique" ka faɗa "cabal", don ita ta fi muni, tana ɗauke da ƙulle-ƙullen ɓoye na masu mulki. Duk wanda ya bi jaridun Najeriya a 2010, lokacin jinyar marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya san yadda aka yi ta jifan na kusa da shi da ita. Akwai ma "claque", harafi ɗaya ne bambancin, su kuma 'yan tafin haya ne na gidajen wasan kwaikwayon Faransa, 'yan amshin shata.

Na san za ku ce mawaƙan gambarar Amurka suna cewa "my clique" da alfahari, kuma gaskiya ne, a bakin matasa ta fara zama kirari. To, ku faɗe ta a ƙarƙashin hotunanku, ban hana ba, ko da yake ni ba zan so ba. Amma kwamitin da ke raba tallafin karatu da manajan da ke ɗaukar ma'aikata da tsohuwar ma'anar suke karatu, kuma ba za su kira ka su tambayi abin da kake nufi ba.