Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bashin da Ba a Rubuta Ba

A makon jiya na tsaya a inda ubangidana ya sallame ni bayan shekara 7 ina yaron shago, na kafa ɗan teburina na atamfa a Kantin Kwari. Kashin yau shi ne wanda na fi jin nauyin rubutawa. Sau biyu ina farawa ina gogewa.

Jarin sallama bai kai ya cika tebur ba. Wanda ya tsaya mini shi ne wani dattijo, aminin mahaifina tun suna almajirai, wanda nake kira Baba Alhaji. Babban dila ne, yana sayar da atamfa da shadda a kan sari. Ranar da na je gaishe shi na gaya masa an sallame ni, sai ya kira yaronsa ya ce a ɗaure mini kaya. Na ce, "Baba, ba ni da abin ba da kafin alƙalami." Ya ce, "Ɗana, ubanka ya taɓa ciyar da ni wata uku bai tambaye ni ko sisi ba. Je ka, in ka sayar ka kawo." Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta masu ɗaukar kaya, amma ban taɓa ganin ya buɗe shi a kaina ba.

Haka muka yi shekara biyu lafiya lau. In ɗauka, in sayar, in kai, in sake ɗauka. Mafi yawan cinikina na mutanen Nijar ne, 'yan Maraɗi da Damagaram. Su ma a kan amana suke ɗauka: su biya rabi, su tafi da kaya, in sun dawo bayan sati uku su cika. Wanda bai san Kwari ba zai yi mamaki, amma kasuwar kusan duk a kan haka take tafiya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. A lokacin akwai kayan Baba Alhaji na naira miliyan 1 da dubu 150 a wuyana, kuma fiye da rabinsu suna hannun mutanena a ƙetaren iyaka. Zuwansu ya ragu, daga baya ya yanke. Wanda ya kira ya ce kaya ba sa wucewa, wanda bai kira ba kuma shiru. Na tattara abin da ke hannuna na kai wa Baba dubu 300, saura dubu 850. Ya karɓa, ya ce Allah ya kawo sauƙi, bai ƙara ko kalma ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da zan ce ƙaddara ce kawai. Amma akwai abin da sai na faɗa, domin shi ne ainihin laifina. A watan Disamba wani mutumina na Maraɗi ya aiko mini da dubu 240 ta hannun direba. Kuɗin Baba Alhaji ne, na san nasa ne. Na kwana biyu da su a ƙarƙashin katifa, a rana ta uku na je na sayi babur. Na ce wa zuciyata ai babur jari ne, zai rage mini kuɗin mota, kuma Baba mai kuɗi ne, dubu 240 ba za ta hana shi barci ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce gubar da ke kashe yawancin masu cin bashi, kuma na sha ta da hannuna.

Tun daga ranar da na hau babur ɗin nan ban ƙara iya haɗa ido da shi ba. Na daina bi ta layinsu. Masallacin da muke azahar tare na canza, na koma wani mai nisa, ina ratsa rana da cunkoson 'yan dako don kada mu haɗu a sahu. In wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Sau biyu ya aiko yaronsa ya ce Baba yana nemana. Na farko na ce ina zuwa. Na biyu, da na hango yaron daga nesa, na bar maƙwabcina da tebur na shige bayan rumfuna. Ina kiran abin da nake ji kunya, alhali mutumin da ya riƙe ni kamar ɗa yana can yana jira, ko gaisuwa ba ya samu.

Sai korona ta zo. A tsakiyar Afrilun 2020 aka kulle Kano, aka rufe kasuwanni, azumi ya kama mu a cikin gida. Ga mai sayar da atamfa, azumi shi ne kakarsa, a nan yake samun abin da zai riƙe shi rabin shekara. Wannan shekarar kayan sallah a ɗaure suka kwana. Kuma duk wanda yake Kano a makonnin nan ya san yadda aka yi ta rasa dattawa, yau a ce wane, gobe a ce wane. Ana tsakiyar azumi, bayan asuba, maƙwabcina na kasuwa ya kira ni ya ce Baba Alhaji ya cika cikin dare.

Na je jana'iza. Mutane ba yawa saboda dokar kulle. Kafin a tayar da sallah babban ɗansa ya miƙe, kamar yadda aka saba, ya ce duk wanda yake bin Alhaji bashi ya zo ya same shi, za a biya kafin a raba gado. Sannan ya ce wanda kuma Alhaji yake bi, ya ji tsoron Allah ya kawo. Ina sahu na biyu, ina kallon makara, ƙafafuna suna rawa. Ban ce komai ba. Aka kai shi, aka dawo, na yi gaisuwa na tafi gida.

Sati uku bayan haka na ji an zauna an duba baƙin littafin, ana ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Na zauna ina jiran kirana. Ba a kira ba. A nan na tabbatar da abin da nake zato tun farko: bai taɓa rubuta sunana ba. Yaron da yake ɗaure mini kaya ya san ina ɗauka, amma bai san lissafi ba, kuma ya koma garinsu. Duk duniya babu wanda ya san adadin nan sai ni da wanda ke kwance a kabari.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji wani sanyi a raina na kwana ɗaya ko biyu. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Maiɗakina ce ta fara gane akwai abin da ke cina, don na rame, abinci ma sai in taɓa in ture. Da ta matsa na gaya mata komai, har da maganar babur. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Maigida, yau wata nawa muna cin abincin da ka ɗauko a kan babur ɗin nan?" Ta tashi ta shiga ɗaki. Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba.

Washegari na je wajen malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Na yi tsammanin zai kawo mini ayar Baƙara ta 280, wadda ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Ya kawo ta, amma ya ce wannan umarni ne ga mai bin bashi, kuma ta rufe ni a watan Agusta, ba ta rufe ni a watan Disamba ba. Ya karanto hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Sannan ya tambaye ni ko Alhaji ya bar ƙananan yara. Na ce akwai uku a ɗakin amarya, babbansu bai wuce shekara 9 ba. Ya ce, "To, ɗan'uwa, kuɗin nan sun tashi daga na Alhaji. Da yana raye, kalma ɗaya ta isa ya yafe maka. Yanzu haƙƙin magada ne, kuma a cikinsu akwai marayu. Ka san abin da Suratun Nisa'i ta faɗa a kan masu cin dukiyar marayu."

Na kwana uku ina zagaya unguwarsu ban shiga ba. A rana ta huɗu na yi sallama a zaure. Na durƙusa gaban babban ɗan na ce, "Yaya, Baba yana bina dubu 850." Ya ɗauko littafin ya duba shafi-shafi, ya ce babu sunana. Na ce na sani. Na ba shi labari tun daga farko, ban ɓoye babur ba, ban ɓoye gudun da na yi wa yaron aike ba. Ina magana hawaye yana zuba a kan tabarma, ban iya ɗaga kai ba.

Ya ce shi kasonsa ya yafe, amma ba shi da ikon yafe na ƙannensa, balle na ƙanana. Ya kira mutum biyu daga cikin maƙwabta suka zama shaidu, aka rubuta a takarda kamar yadda aya ta 282 ta umarta, na sa hannu: zan kawo abin da babur ya yi, sauran kuma dubu 30 duk ƙarshen wata da zarar kasuwa ta buɗe.

Zan tafi sai aka ce Hajiya, uwargidan marigayin, tana kirana. Na shiga na tsuguna daga bakin ƙofa, tana cikin takaba. Ta ce, "Ɗan nan, ina ka shiga? Alhaji ya yi ta cigiyarka. Ya ce ya hango ka rannan a kasuwa ka juya, ya dawo gida ko abincin dare bai ci ba." Na ce, "Hajiya, ya faɗi abin da ya sa yake nemana?" Ta ce bai faɗa ba, ya dai ce in ka zo a shigo da kai wajensa ko yana barci.

Har yau ban san me zai gaya mini ba. Na fita na tura babur ɗin da hannu har bakin titi, don na kasa hawansa a ƙofar gidan. Ranar Litinin na kai shi wajen dillalai, aka taya dubu 185, na sallama.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka buɗe iyakar Maigatari a Disambar 2020, da tafiyar da na yi Damagaram neman waɗanda ni kuma nake bi.