Farashin furosesa da rashin kishiya

Sana'ata haɗa kwamfuta ce. In sayo furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da madabod (babban allon da ake ɗaura komai a kai) da katin hoto (mai sarrafa abin da ake gani a allo), ni da yarana biyu mu ɗaura wa mai buƙata. Ribarmu ƙanƙanuwa ce, shi ya sa nake bin rigimar Intel da AMD da Nvidia, kamfanonin furosesa da katin hoto, fiye da yadda wasu ke bin ƙwallo.

Kafin 2017, Intel ke cin karenta babu babbaka. Shekara da shekaru furosesanta Core i7 na gama-gari bai wuce ƙwayoyin aiki huɗu ba (sassan da ke raba aiki a cikin furosesa), mai son takwas sai ya ajiye dala dubu da ɗoriya. Kwatsam AMD ta fito da Ryzen 7 1800X, ƙwaya takwas a kan dala 499. Shekarar ba ta ƙare ba sai ga Intel da mai ƙwaya shida. Ashe da ma ana iyawa, kishiya ce babu. Abin da ya fi yi mana daɗi ma shi ne soket ɗin AM4, wato mazaunin furosesa a kan madabod, da AMD ta daɗe a kansa: mai kwamfuta ya dawo bayan shekara uku, mu cire tsohon furosesa mu sa sabo, madabod na nan.

Katin hoto kuwa wani labari ne. A can ƙololuwa Nvidia ba ta da abokin karawa, don haka RTX 4090 ya fito a dala 1,599 a 2022, RTX 5090 kuma 1,999 a 2025. Da ma AMD da Nvidia duk masana'antar TSMC ta Taiwan ke ƙera musu, kuma masu ƙirƙirarriyar basira sun fi 'yan gem biya nesa ba kusa ba. Sai a ƙasa ake ɗan jin ƙamshin gasa, inda Intel ta shigo da Arc B580 a dala 249.

Na taɓa ƙonewa. Lokacin haƙar kirifto, wato samar da kuɗin intanet da katin hoto, na cika kanta da katuna a farashin wuta, kasuwar ta faɗi a 2022, na sayar da asara. Tun daga nan ba na ajiye kayan da ya wuce na mako biyu. In kuma na ji wani kamfani na shirin fito da sabo, sai in ce wa mai saye: "Yallaɓai, in ba sauri kake ba, ka ba ni wata guda."