Jikan Maƙeri a Bakin Kogin Monongahela

Kakana maƙeri ne a wani ƙauye gabas da Kano. Ina yaro, duk hutun makaranta ni ake zaunarwa gaban zuga-zugi, kuma babu aikin da na tsana kamarsa. Shi ya sa da ƙanina, wanda ke karatu a Pittsburgh ta jihar Pennsylvania a Amurka, ya ce ya yankar mana tikitin zagaya wata tsohuwar masana'antar ƙarfe, har da ajin koyon ƙira, sai na tambaye shi ko kuɗi ne suka yi masa yawa.

"Yaya, ka dai zo ka gani," in ji shi.

Watan Mayu ne. Sanyin ƙasar ya ja da baya, itatuwa sun yi toho, kuma a irin wannan lokaci ne ƙungiyar Rivers of Steel ke sake buɗe wuraren da take kula da su bayan hutun hunturu. Mun bar tsakiyar gari, inda kogin Allegheny da na Monongahela ke haɗuwa su zama kogin Ohio, muka bi gefen Monongahela zuwa Rankin. Tafiyar ba nisa. Tun daga hanya na hango su, manyan tanderu biyu, jajaye da tsatsa, tsaye cikin wani makeken fili da ciyawa ta cinye.

Carrie ake kiran wurin, don a da masu masana'antu sun saba raɗa wa tanderu sunan mace. Na shida da na bakwai kaɗai suka rage. An gina su a 1907, suka yi aiki har 1978, masana'antar kuma ta rufe baki ɗaya a 1982. Tsawon kowanne ƙafa 92. An ba mu hular kwano, aka haɗa mu da ɗan rakiya, wani dattijo mai ƙaton hannu wanda ya ce shi ma a ƙarfe ya ci ƙuruciyarsa.

Bayaninsa bai yi mini baƙo ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ta sama ake zuba tama da gasasshen kwal da dutsen farar ƙasa, ta ƙasa a hura iska mai tsananin zafi, ƙarfe ya narke ya kwanta, kashin maƙera ya taso a kansa. Zuga-zugin kakana ne dai aka mayar ƙato kamar bene. Lokacin da wurin ke tashe, tanderu ɗaya yakan fitar da tan dubu ko fiye na ruwan ƙarfe a rana, kuma wutar ba ta mutuwa dare da rana. Ya nuna mana kwatamin da narkakken ƙarfen ke bi, da wani dogon taragon jirgin ƙasa mai kama da randa a kwance, wanda ake cikawa a tsallaka da shi gada zuwa Homestead, can ƙetaren kogi, inda ake tace shi. Na tsaya a daidai inda ma'aikata ke tsayawa su fasa bakin tanderun. Yau iska ce ke kaɗawa, tsuntsaye na kuka a cikin rufi, amma dattijon ya ce a da fatar fuska ma ji take kamar za ta saɓule. Wannan aikin gaban wuta, mafi zafi da hatsari, yawanci baƙi daga gabashin Turai da baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga jihohin kudancin ƙasar ake turawa.

Akwai wani kan barewa mai tsawon kusan ƙafa 40 a cikin harabar, wanda wasu matasa masu fasaha suka faki ido suka ƙera da tarkacen wurin a 1997, lokacin da masana'antar ke kango. Kowa sai ɗaukar hoto yake da shi. Ni bai dame ni ba. Hankalina ya tafi masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a Najeriya, a bakin kogin Neja, wadda tanderunta bai taɓa ganin wuta ba. Waɗannan sun yi shekara saba'in suna ci kafin su mutu.

Da azahar muka haye Homestead. Masana'antar da ta taɓa ɗaukar dubban ma'aikata ta rufe a 1986, yanzu kantuna da gidajen cin abinci ne a filin, sai dogayen bututun hayaƙi goma sha biyu da aka bari a jere. A can ƙarshe akwai ɗan ginin famfon ruwa na jan bulo. A bakinsa ne, ranar 6 ga Yuli 1892, masu gadin kamfanin Pinkerton kimanin 300 suka iso cikin jiragen ruwa biyu, Henry Clay Frick, shugaban kamfanin ƙarfen, ya ɗauko su don karya yajin aikin ma'aikatan Andrew Carnegie, mai masana'antar. Aka wuni ana harbe-harbe. Ma'aikata bakwai da masu gadi uku suka mutu, masu gadin suka miƙa wuya, amma daga baya gwamna ya turo sojoji, kafin ƙarshen shekara yajin ya watse. Na yi sallah a kan ciyawa kusa da ruwa, masu keke na wucewa ta bayana.

Sai ajin ƙira, wanda saboda shi muka koma Carrie da la'asar. Mu takwas ne, malamar kuwa wata matashiya ce sanye da tabarau na kariya. Ƙira a hannun mace! Da kakata na raye da ta riƙe baki. Wutarsu ta gas ce, babu gawayi, babu yaron zuga, amma uwar maƙera ita ce, awartaki shi ne, guduma ita ce. Aka ce kowa ya ƙera ƙugiyar rataye kaya. Na shiga da taƙamar gado, na ce a raina ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bugu uku na yi ƙarfen ya subuce ya faɗi ƙasa. Ashe shekarun da na yi a maƙera, kallon ƙofa nake yi ina jiran a sallame ni, ban taɓa kallon hannun tsoho ba. Malamar ta gyara mini riƙo, ta ce in daina dukan ƙarfen da ya fara duhu, in mayar da shi wuta. Wannan maganar na sha jin ta da Hausa, da faɗa ma.

Kusa da ni wani mutum ne da ɗiyarsa. Ya ce mahaifinsa ya yi shekara talatin a Homestead, shi kuwa aikin ofis yake yi, bai taɓa riƙe guduma ba sai yau. Muka dubi ƙugiyoyinmu, tasa ta karkace hagu, tawa dama, muka tuntsire da dariya.

Da dare na aika wa Baffana hoton ƙugiyar ta WhatsApp, shi ne kaɗai ya riƙe maƙerar gidanmu, yana ƙera fartanya da lauje idan damina ta kusa. Da safe ya kira.

"Wannan mene ne?"

"Ƙugiya ce, Baffa. Ni na ƙera."

Ya yi shiru, sannan ya tambayi nawa na biya. Na faɗa masa da dala, ƙanina ya mayar masa da naira. Ya yi salati mai tsawo.

"To idan Allah ya dawo da kai lafiya, ka zo da kuɗin nan gida. Zuga-zugin yana nan inda ka bar shi."