Zan Kai Baba Garin Mai Kakaki

Wata biyu ke nan da saukar Baba a Houston, bai taɓa cewa in kai shi ko'ina ba. Daga gida sai masallaci, sai ɗan zagayen da yake yi da jikokinsa bayan La'asar. Na yi masa tayin cibiyar NASA, ya ce gwiwarsa. Na ce to mu je bakin teku a Galveston, ya ce ya ga teku a Legas. Sai wani dare muna shan shayi ya ajiye kofi ya ce, "Wai garin mai kakakin nan, yana da nisa daga nan?"

Mai kakaki a bakin Baba shi ne Louis Armstrong, shahararren makaɗin jaz na Amurka, garinsa kuwa New Orleans ne. A Kaduna Baba ya tashi, kuma yana ɗan makaranta a 1960 lokacin da Armstrong ya zo Najeriya a rangadinsa na Afirka, har aka ɗauke shi hoto da Sardauna. Baba bai gan shi da idonsa ba, labari ya ji. Amma daga baya, da ya sayi rediyonsa na farko, yakan kamo shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka da tsakar dare. Muna yara, in ya ji muryar Armstrong mai kaushi, sai ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Na ce masa, "Baba, awa shida ce a mota. In kuna so, sai mu je." Ya ce, "To, ka shirya."

Makonni uku ke nan ina wannan shiri, kuma New Orleans ba garin da ake faɗa wa haka kawai ba ne, musamman da dattijo ɗan shekara tamanin.

Maganar lokaci ce ta fara. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin guguwa ne a wannan gaɓar teku, kuma zafin Yuli da Agusta mai gumi ne, ba irin busasshen zafinmu ba. Lokacin bikin Mardi Gras, a Fabrairu ko Maris, da na babban bikin jaz a ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, gari kan cika maƙil, kuɗin masauki ya haura. Ni kaina ina sha'awar bikin jaz ɗin, wanda aka fara tun 1970, amma ba zan tsayar da Baba wuni guda a rana cikin turmutsitsi ba. Farkon Disamba na zaɓa.

Akwai jirgin ƙasa na Amtrak daga Houston, sai dai sau uku yake tashi a mako kuma ya fi mota daɗewa. Mota za mu bi, kilomita kusan 560 a kan babbar hanyar I-10, ta Lake Charles da Lafayette da Baton Rouge. Tsakanin biyun ƙarshe akwai gadar Atchafalaya, kilomita 29 a kan fadama, itatuwa tsaye cikin ruwa hagu da dama. Na san a nan Baba zai ce in rage gudu. In mun tashi bayan Asuba ranar Juma'a, da yardar Allah za mu riski salla a masallacin Abubakar Siddiƙ da ke Metairie, dab da shiga gari.

Masauki na kama a kan titin St. Charles, ba cikin tsohuwar unguwar Faransawa ba. Unguwar ce kowa ke zuwa gani, da benayenta masu barandar ƙarfe, waɗanda yawancinsu a ƙarshen mulkin Sifaniya da farkon mulkin Amurka aka gina su, bayan gobarar 1788 da ta 1794 sun cinye ginin Faransawan da suka kafa garin a 1718. Za mu shiga da rana. Amma titin Bourbon da ke tsakiyarta mashaya ce jere da mashaya, ana hayaniya har gari ya waye, ba wurin kwanan Baba ba ne. A St. Charles kuwa ɗan jirgin lantarkin nan kore yana wucewa ta ƙofar masauki. Tun 1835 layin ke aiki, kujerun katako ne, ana buɗe taga, yana tafiya sannu a ƙarƙashin manyan itatuwa. Dala uku na ga ana sayar da tikitin wuni guda. Ga mai ciwon gwiwa, babu yawon buɗe idon da ya fi wannan. Motar a masauki za ta zauna har ranar komawa.

Abinci ne ya fi cin mini lokaci. Duk wanda ya tashi da miyar kuɓewa, in ya ga gumbo zai ji kamar ya san ta, kuma ba kuskure ya yi ba: sunan ma daga kalmar kuɓewa ne a harsunan Afirka ta Tsakiya. Jambalaya kuma 'yar uwar dafa-duka ce. Matsalar ita ce naman alade ya shiga kusan ko'ina. Andouille, wani irin sosej da ake yankawa cikin gumbo da jambalaya, na alade ne, shinkafa da jan waken da aka saba ci ranar Litinin ma da ƙashin alade ake dafa waken. Ko an rubuta gumbo na kifi da jatan lande, sai ka tambaya, domin wasu suna jefa andouille ɗin don ƙamshi. Na buga waya gidajen abinci shida, na samu biyu da suka tabbatar mini tukunyarsu ba ta haɗuwa da shi. Sauran lokuta, soyayyen kifi ko jatan lande cikin burodi, wanda suke kira po'boy, ya ishe mu. Uwargida ta ce za ta yi mana dambun nama da yaji mu tafi da su. Da safe kuma sai Café du Monde, da ke bakin kasuwa tun 1862, mu ci beignet, wani irin fanke mai kusurwa huɗu da aka lulluɓe da garin sukari. Zan gaya wa Baba kada ya sa baƙar riga.

Kogin Mississippi kansa, da yammacin Juma'a za mu gaishe shi. Akwai jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido da abinci da makaɗa, amma ni na fi son kwale-kwalen fito da ke tashi daga ƙarshen titin Canal zuwa unguwar Algiers da ke tsallaken kogi, 'yan mintuna kaɗan, dala biyu. Daga tsakiyar Mississippi ake ganin yadda garin ya kwanta ƙasa a bayan ganuwar da ke tare ruwa. Sai ka ga haka za ka fahimci abin da ya faru a ƙarshen Agustan 2005, da guguwar Katrina ta zo, shingayen suka ɓalle, ruwa ya shanye kusan kashi 80 cikin ɗari na garin.

Kiɗan da ya kawo mu kuma, na yi ta tunanin inda zan kai dattijo mai carbi a hannu ya saurara ba tare da ya zauna cikin masu shan giya ba. Preservation Hall ne amsar. Ɗaki ne ƙarami a titin St. Peter, an buɗe shi a 1961 don tsofaffin makaɗan garin su samu wurin busa. Ba a sayar da abin sha, yara ma suna shiga, ana zama a benci, kowane zama bai kai awa guda ba. Na sayi wurin zama a gaba na daren Asabar. Kafin nan da rana za mu je gidan tarihin jaz da ke tsohon ginin buga kuɗi a titin Esplanade, inda aka ajiye kakakin farko da Armstrong ya koyi busa da shi yana yaro.

Lahadi ta dandalin Congo ce, a unguwar Tremé, cikin lambun da aka sa wa sunan Armstrong. A nan bayi ke taruwa ranar Lahadi, ranar da doka ta ba su hutu, su yi ciniki, su buga ganguna, su yi rawa da waƙa ta bayarwa da amshi. A 1817 hukumar gari ta taƙaita taron nasu a wannan fili kaɗai. Har yau ana buga ganga a wurin ranar Lahadi da yamma. A ranar ce kuma ƙungiyoyin unguwa ke fitowa jerin gwano da masu busa, jama'a na biye suna rawa. Asalin ƙungiyoyin nan taimakon juna ne: a tara kuɗi don jinya da jana'iza, a zamanin da kamfanonin inshora ba sa karɓar baƙar fata. Da na bayyana wa Baba, sai ya ce, "Adashi ke nan, da makaɗa." Gidan rediyon WWOZ kan fitar da hanyar da za su bi kowane mako. Zan nemi wata kwana mai inuwa, mu zauna su wuce ta gabanmu.

Abu guda ne ya jawo gardama a gida. A hanyar komawa, tafiyar kamar awa guda daga gari, akwai gonar Whitney, tsohuwar gonar rake a bakin kogi da aka mayar gidan tarihin bauta a 2014. Yayata ta kira daga Kano ta ce, "Haba, ka ɗauki tsoho hutu, ka ƙare da kai shi wurin baƙin ciki?" Na fahimce ta. Amma ina karatu na ci karo da aikin Gwendolyn Midlo Hall, masaniyar tarihi da ta shafe shekaru tana tono takardun kotuna da na cinikin bayi na Louisiana, jihar da New Orleans take ciki. A cikin ƙabilun Afirka da suka fi yawan fitowa a takardun, tare da Wolof da Bambara da Fulani da Yarbawa da Ibo da Kongo, akwai Hausa, yawancinsu maza. A Whitney an sassaƙa sunaye kusan 107,000 daga aikin nata a kan duwatsu. Daren da na karanta haka ban yi barci da wuri ba. Wani da aka kama a yaƙi ko a hanyar fatauci, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, ya ƙare yana saran rake a bakin Mississippi, aka tambaye shi asalinsa ya ce Hausa.

Ban yanke hukunci ni kaɗai ba, na kai wa Baba maganar yadda take, har da abin da Yaya ta ce. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Mu ma muna da rinji a ƙasarmu, kuma ba Bature ne ya shiga daji ya kamo su ba. Kai ni. In babu wanda ya taɓa zuwa ya yi musu addu'a da harshensu, ni zan yi."

Na sayi tikitin safiyar Litinin, mutum biyu. Buta da darduma suna cikin mota tun jiya. Baba ya ce in ƙara da kujerar nan mai naɗewa, domin sunayen suna da yawa, kuma ba zai iya karanta su a tsaye ba.