Zobo mai gas a keg: na gano abin da ke sa famfon tari

Jiya bayan la'asar na tara kofi a bakin famfo, zobo ya sauko jawur, ya cika kofin cikin daƙiƙa 9, kumfar samansa ba ta wuce kaurin yatsa ba. Sai da na tsaya ina kallonsa kafin na kai baki. Kwana 23 ke nan ina fama da wannan keg, wato tulun ƙarfe mai riƙe abin sha da gas, kuma akwai daren da na ce gobe zan sayar da kayan gaba ɗaya in koma ɗurawa a gora. Shi ya sa na zauna rubutawa tun abin yana da zafi a raina, don na san a cikinku akwai masu keg na hannu irin nawa.

Kayana ba su canza ba: keg mai lita 19 irin na Cornelius, wanda da can lemon Pepsi ake zubawa a irinsa, silindar gas ɗin CO2, irin na cikin lemon kwalba, mai kilo 2, da firiza da na sa wa na'urar daidaita sanyi a kan digiri 4. Ina ba zobon psi 25 (psi ma'aunin matsin gas ne), don ina son ya yi cizo a harshe kamar lemon kwalba.

Matsalar ba kumfa ba ce irin wadda kowa ya sani. Idan na buɗe famfo, zobo zai zo lafiya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ka ji fuf, ya tofo iska, ya fantsama, ya sake zuwa, ya sake tofowa. Tari dai sosai. Kafin kofi ya cika, kashi uku cikin huɗu kumfa ce, abin da ya kwanta a ƙasa kuma lami, babu gas ko kaɗan. Farar rigata ɗaya har yau da jan tabo a ƙirjinta.

Tiyo na fara zargi, kuma da gaskiyata. Wanda aka haɗo mini da shi mita ɗaya da rabi ne, an yanka shi ne don abin da ake zubawa a psi 10 zuwa 12. A psi 25 zobon fitowa yake kamar an harbo shi. Na sayi mita 8 mai faɗin ciki inci 3/16, na naɗe shi a kan keg ɗin cikin firiza. Gudun ya ragu, na ji daɗi, na ɗauka an gama. Tarin yana nan.

Daga nan na tafka kuskuren da ya fi ci mini kuɗi. Na rage regileta, wato na'urar daidaita matsin gas, zuwa psi 10, wai don zobon ya fito a hankali. Abin ya ƙara lalacewa, domin abin sha da ya sha gas a psi 25, idan ka danne shi da 10 kawai, gas ɗin zai fara ficewa daga jikinsa tun yana cikin tiyo. Maimakon in gane haka, sai na ce ai gas ne ya yi masa yawa. Kwana biyar ina jan zoben murfi, wato na bawul ɗin sakin iska, safe da yamma ina fitar da iska, sai zobon ya koma lami, in sake ɗura masa, ya yi tari, in sake fitarwa. Gejin silinda, mai nuna matsin da ke cikinta, kuwa yana tsaye a wuri ɗaya, ni kuma na saki jiki. Kada wannan gejin ya ruɗe ku. Muddin akwai ruwan gas a cikin silinda, allurar ba za ta sauka ba, zafi da sanyi kawai take bi. Ranar da ta fara sauka, abin da ya rage ba ya kai ka ko'ina. Ɗora silinda a kan sikeli shi ne kaɗai ke faɗa maka gaskiya. Tawa ta ƙare ranar wata Asabar da dare. Ciko da kuɗin mota zuwa da dawowa sun ci mini naira dubu 21, kuma zobon da na yi ta wahalarwa ya fara canza ɗanɗano, dole na zubar da kusan lita 12, da sukarinsa da cittarsa da abarbarsa. Ranar ban ci abincin dare ba.

Sai na koma kan zafi, don a nan garin ba a raina shi. Idan aka ɗauke wuta tun safe, kafin magariba ruwan da na ajiye da ma'auni a cikin firiza yakan kai digiri 15. Gas ɗin da psi 25 ke riƙewa a digiri 4, a digiri 15 sai an ba shi sama da psi 40 kafin ya zauna, a digiri 20 kuwa wajen 50. To ka ga duk ranar da babu wuta kumfa dole ce, ko da komai naka lafiya lau yake. Ga kuma abin da ya fi damuna: zobo mai sukari in ya ɗumama ya daɗe, tsami yake farawa, ni kuwa ba abin da nake nema ke nan ba. Na jera gorunan ƙanƙara kewaye da keg, sanyi ya tsaya tsakanin 4 da 6 kwana uku a jere. Kumfar ta ragu. Tarin ko gezau.

A tsakiyar wannan ma famfon ya taɓa ɗaukewa ɗif, ashe farin garin citta ne ya kwanta a gindin keg ya toshe ɗan bawul ɗin kan fita, wato inda zobo ke fitowa daga keg. Na wanke, yanzu ina barin zobo ya kwana ya kwanta kafin in tace sau biyu. Wannan bai ɗauki awa ɗaya ba.

Abin da ya buɗe mini ido, yarona ne ɗan shekara 8. Ina zubawa yana leƙen cikin firiza, sai ya ce, "Baba, ga iska nan tana tafiya a tiyo, daga wajen baƙin abin nan take fitowa." Na sunkuya na duba da tocila. Gaskiyarsa. Ba ƙananan ƙwayoyin da ke taruwa a saman lanƙwasar tiyo ba ne idan ya ɗumama. Manyan gibi ne, wani ya kai tsawon yatsa, suna fitowa daga baƙin kwanekta mai haɗa tiyo da keg kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai famfo yana buɗe. Wato iskar ba a hanya ake haifar ta ba, daga cikin keg take shigowa a shirye.

Washegari na juye sauran zobon a bokiti mai murfi, na wanke keg, na cika shi rabi da ruwan sanyi zalla wanda bai taɓa ganin gas ba. Na ba shi psi 25, nan take na buɗe famfo. Fuf. Ruwa, iska, ruwa, iska. Na yi kabbara ni kaɗai a tsakar gida, har uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, lafiya?" Ruwan da ba shi da gas a jikinsa ba shi da abin da zai fitar. In ya yi tari, to iskar da ke saman keg ce ta samu ƙofa zuwa hanyar ruwa, kuma wuri ɗaya ne hanyoyin biyu ke maƙwabtaka: wuyan dogon bututun da ke ɗebo ruwa daga gindin keg, ƙarƙashin kan fita.

Na fitar da iska duka, na sa sifana mai inci 7/8 na kwance kan, na zaro dogon bututun. Ɗan zoben robar da ke ƙarƙashin leɓensa ya baje kamar an taka shi, ya bushe, da na matsa shi tsakanin yatsu sai ga tsaga ta buɗe a gefe ɗaya. Na shinshina, har yanzu warin tsohon lemo yake yi. Ta wannan tsagar gas ɗin sama ke zagayowa ya shiga kan fita ya haɗu da zobo. Abin da ya sa ruwan sabulu bai nuna mini komai ba duk sau ukun da na shafa ina neman yoyo, yoyon ciki ne, ba ya fitowa waje. Har ranar da na wanke garin citta na kwance wannan kan, amma ban zaro bututun ba, da na gani tun a lokacin. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Zoben roba biyar ne a jikin keg irin wannan: babba na murfi, biyu a wajen kawunan, biyu a wuyan bututun gas da na ruwa. Lokacin da na saya na canza ukun da ido ke gani, na bar biyun da ke ɓoye. Yanzu na canza duka, na shafa musu man silikon na kayan abinci. Na ɗaure kan daidai ba tare da na danne shi da ƙarfi ba, saboda ina zaton ɗaurin wuce kima ne ya baje tsohon. Na maimaita gwajin ruwa, ya zubo santal kamar igiya, babu gibi ko ɗaya a tiyo.

Sabon zobon ya yi kwana shida a psi 25 da digiri 4 ban taɓa zoben murfi ba ko sau ɗaya, shi ne na jiya. A buɗe famfo gaba ɗaya, a karkata kofi. Buɗewa rabi-rabi kumfa take jawowa. Uwargida ta sha kofi biyu, ta ce a ajiye keg guda don sunan gidan ƙanwata mako mai zuwa, kuma na amsa da ƙarfin gwiwa.

Saura abu ɗaya da ban gama da shi ba. Kofin farko bayan an jima ba a zuba ba yana zuwa da kumfa kusan rabi, don famfon da ɗan guntun tiyon da ke waje suna ɗumama. Ina tunanin mayar da famfon cikin firiza gaba ɗaya. Kuma wanda a cikinku yake aiki da siririn tiyon nan mai milimita 4, ya faɗa mini mita nawa ya ishe shi a psi 25, don mita 8 ɗin nan ya cinye mini wurin da nake son sa keg na biyu, na lemon citta.