Awa ukun da manhaja ta ba ni, da yadda na ɓarnatar da su

Ƙannena da ke shigowa harkar aiki da kwamfuta, sana'ata rubutu ce da fassara da gyaran rahotanni, irin aikin da ake turo maka ta intanet da yamma a ce ana so gobe da safe. Lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya a rubuce ta amsa, a ƙarshen Nuwamban 2022 ban kula shi ba. Sai bayan wasu watanni, ranar da aiki ya sha mini kai, na zuba wa manhajar wani dogon rahoto na ce ta fitar mini da manyan batutuwansa. Kafin in gyara zama ta gama. A ranar na yi lissafi cewa aikin da ke cin mini awa takwas zai dawo biyar, wato na tsinci awa uku a kowace rana. Na yi wa kaina alkawarin kwanciya da wuri, da komawa motsa jiki, da zama da iyali ba waya a hannu.

Ko ɗaya ban cika ba. Da na ga ina gamawa da wuri sai na karɓi aikin mutum na huɗu, sannan na biyar. Waɗanda nake yi wa aiki su ma suka lura hannuna ya yi sauri, abin da suke ba ni kwana uku a kansa ya koma kwana ɗaya, ni kuma na kasa cewa a'a domin ni na koya musu hakan. Daga baya na karanta cewa tun a 1865 wani masanin tattalin arziki na Ingila, William Stanley Jevons, ya lura da irin wannan a harkar kwal. Da aka inganta injin tururi ya riƙa cin kwal kaɗan, kwal ɗin da ƙasar ke ƙonawa sai ma ya ƙaru, saboda aiki da inji ya yi araha, kowa ya kafa nasa. Haka lokacina ya zama. Da ya yi araha sai na sayar da shi gaba ɗaya, har da wanda ba na sayarwa a da.

Wata babbar yaya a sana'ar ce ta fara tsayar da ni. Ina cikin yabon manhajar a waya, ina ba ta labarin awa ukun da nake samu, sai ta ce, "To ƙanina, ina awa ukun suke? Jiya ƙarfe ɗaya na dare na ga saƙonka." Na yi dariya na kawar da zancen, amma tambayar ta kwana da ni.

Kuskuren da ya fi cin jikina kuwa ban gane shi da wuri ba, kuma ban taɓa jin wani ya gargaɗe ni a kansa ba. Shawarar da ake ba kowa ita ce ka miƙa wa ƙirƙirarriyar basira ƙananan ayyuka masu gundura, kai ka riƙe masu buƙatar tunani. Na bi ta sau da ƙafa. Na miƙa mata jera sunaye, da daidaita teburi, da tsara kanun rahoto, da amsa saƙonnin da ba su da nauyi. Ashe a cikin waɗannan ayyukan ne ƙwaƙwalwata ke shan iska. A da, idan na yi awa biyu ina kokawa da fassarar wata magana mai sarƙaƙiya, sai in koma gyaran waƙafi da aya na rabin awa, hannu na aiki kai na hutawa. Sau da yawa ma a nan ne kalmar da ta ƙi zuwa ɗazu take faɗo mini. Da na kwashe waɗannan duka na ba manhaja, sai yinina ya zama yanke shawara tun safe har dare: wannan ya yi, wannan bai yi ba, wannan a sake. Ba gangara ko ɗaya, hawa ne kawai. Nakan tashi daga aikin awa shida a gajiye fiye da yadda nake tashi daga na awa tara a da, in rasa dalili.

Sannan ga wahalar dubawa. Irin waɗannan manhajoji an horar da su ne a kan tarin rubutu domin su hasashi kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, shi ya sa zancensu ke fita sumul ko da abin da suke faɗa ba shi da tushe. Muryar da za ta gaya maka gaskiya da ita za ta shirga maka ƙarya, ba inda-inda, ba alamar shakka. A watan Yunin 2023 wani alƙali a birnin New York na Amurka ya ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000 saboda sun gabatar wa kotu shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Na karanta labarin na girgiza kai, na ce sakaci ne. Ba a jima ba na tura wa wani da nake yi wa aiki taƙaitaccen rahoto ɗauke da wani adadi da babu shi a ainihin takardar. Shi ya gano, ya turo mini layin da jan launi da alamar tambaya guda, bai ƙara ko kalma ba. Tun daga ranar na koma bin kowane layi da yatsa, kuma duk wanda ya taɓa gyara aikin wani ya san ya fi rubuta naka cin rai, domin ba ka san inda ramin yake ba. An gudu ba a tsira ba ke nan. Yanzu ba na ba ta aikin da duba shi zai ɗauke ni lokacin da zan yi shi da kaina. Adadi, suna, kwanan wata, maganar da aka jingina wa wani, duk daga takardar asali nake ɗauko su da hannuna.

Abu na gaba shi ne dare. Abokin aiki ɗan Adam yakan yi hamma, ya dubi agogo, ya ce a bari sai gobe, kai ma ka samu hujjar tashi. Manhaja ba ta hamma. Ƙarfe biyu na dare za ta amsa maka da fara'ar da ta amsa da safe, ta kuma ƙare da tambayar ko kana so ta ƙara yi maka wani abu. Ni kuwa kullum ina so. Faransa ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2017, da ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya da imel bayan tashi daga aiki. Mai aikin kansa ba shi da wanda zai tattauna da shi, shi ne mai gidan shi ne yaron gidan, kuma mai gidan nawa azzalumi ne.

Jiki magayi. Da fari barci ya lalace, sai ciwon wuya, sai na wayi gari ina jin haushin duk saƙon da ya shigo, har na mutanen da nake jin daɗin aiki da su. Wani dare na karanta sakin layi ɗaya sau huɗu ban fahimci komai ba, alhali ni na rubuta shi. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana wannan yanayi na ƙonewa da aiki, wanda ake kira burnout da Turanci, bayan ya gan shi a jikin masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a New York, mutane masu himma da suka ƙone kamar lagwanin fitilar da mai ya ƙare mata. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi a sabon kundinta na rarraba cututtuka. Ta ce ba ta ɗauke shi a matsayin cuta ba, matsala ce da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma alamominsa uku ne: ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga rai har mutum ya riƙa raina shi, da raguwar ƙwazo. Ta biyun ce ta tsorata ni, domin ina son sana'ata, kuma ga shi na fara ƙin jinin ta.

Akwai wani abin da nake so ku riƙe daga binciken Christina Maslach da Michael Leiter, waɗanda suka daɗe suna nazarin wannan matsala. Sun lissafa wurare shida da take ɓullowa: yawan aiki, rashin iko a kan yadda kake aikinka, ƙarancin sakamako, lalacewar zumunci a wurin aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da ka yarda da shi da abin da ake sa ka yi. Manhaja na iya taɓa na farkon, shi ma idan ka hana a cike gurbin da ta buɗe. Idan shugabanka na fifita wani a kanka, ko albashin bai kai wahalar ba, babu umarnin da za ka rubuta mata ya gyara wannan. Ni da na daina tambayar abokan sana'a ina tambayar allo, zumuncin ma na rage da hannuna.

Abin da nake yi yanzu ba shi da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun daren Lahadi nake zuba wa manhajar jerin ayyukan mako, ba tare da sunan kowa ko sirrin kowa ba, tare da awannin da nake ganin kowanne zai ci, in ce ta tara su ta gwada da awa arba'in. Sau da yawa takan nuna mini na yi alkawarin awa hamsin da biyar. Daga nan sai in sa ta taya ni tsara saƙon neman ƙarin kwana ko na ƙin karɓar aiki, wanda a da nakan yi kwana biyu ina juya shi a rai saboda kunya. A wannan ta fi yi mini amfani fiye da duk taƙaita rahotannin da ta yi. Gyaran waƙafi da jera teburi kuwa na karɓo abina, ina yin su bayan kowane aiki mai nauyi.

Makon jiya yayar nan ta sake kira wajen ƙarfe tara na dare, tana neman in duba mata wata jimla. Na ce mata kwamfutar na cikin jaka tun ƙarfe bakwai. Ta ce to ta karanto mini, ta karanto, muka yi minti ashirin muna gardama a kan kalma ɗaya.